Tsagen da na kawo gida ya cinye kifayen 'yata

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai mata da 'ya'ya biyu. Shekara biyu ke nan ina kiwon kifin ado a tankin gilashi mai tsawon santimita 90, yana cin ruwa kamar lita 110. Ƙananan kifaye ne masu launi a ciki, irin waɗanda ake shigo da su daga waje. 'Yata mai shekara bakwai ce take ba su abinci, har sunaye ta raɗa musu. Ni kuwa tun ina yaro kifayen kogi masu farauta ne suke burge ni. Kwanan baya wani aminina masunci ya kawo mini ɗan tsage, bai wuce tsawon yatsa ba, na saka shi a tankin. Kafin mako ya zagayo kifaye huɗu sun ɓace, kuma a kan idon yarinyar ya raba ɗaya gida biyu. Tun ranar ba ta sake zuwa kusa da tankin ba. Maiɗakina ta ce ko dai tsagen ya bar gidan, ko tankin gaba ɗaya. Abokin nawa kuma ya yi mini alkawarin ɗan giwan ruwa da minjirya, ina jin nauyin ce masa a'a. Ni dai ba na son in haƙura da burina. Wane kifi mai farauta zan iya riƙewa a gida, kuma yaya zan yi da iyalina?

Wani magidanci

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina jin a makon nan babu wanda ya gaya maka wannan a gida, to ni zan gaya maka: burinka ba shirme ba ne. Kifayen da ke kogin Neja da Binuwai da tafkin Chadi suna cikin waɗanda masu kiwon kifin ado a Turai da Asiya suke nema ido rufe. Mutumin da ya tsaya ya kalli tsage ya ga kyawunsa, ya ga jan jelar nan da layukan da suka bi tsawon jikinsa, mutum ne mai ido. Inda aka samu matsala shi ne ka zaɓi kifi da haƙoransa, alhali girman da zai kai da irin gidan da zai shiga su ne abin dubawa tun farko.

Tsagen bai yi laifi ba. Kura aka ba ajiyar nama, ta yi abin da ta saba. Ƙa'idar da kowane mai kiwon kifi yake zaune a kanta ita ce duk abin da zai shiga bakin kifi abincinsa ne. Tsage ma ya wuce wannan ƙa'idar, domin abin da ya fi ƙarfin bakinsa yanka shi yake yi. Saboda haka yau ɗin nan, kafin ka gama tunanin sauran maganar, ka raba shi da ragowar kifayen yarinyar. Babbar roba mai murfi, da ruwan da ka ɗiba daga tankin, da famfon iska, sun ishe shi na 'yan kwanaki.

Yarinyar ce ta fi kowa asara, kuma ita ce ba ta da bakin rubuto wasiƙa. A wurinka kifaye huɗu ne suka ɓace. A wurinta kuwa wasu ne masu sunaye, waɗanda take tashi da safe ta ciyar, kuma babanta ne ya kawo abin da ya cinye su. Kada ka ce mata ai kifi ne kawai, kada kuma ka yi saurin sayo wasu ka zuba kamar ba abin da ya faru. Yaro ɗan shekara bakwai yana ganewa. Ka zaunar da ita ka ce mata kai ne ka haɗa kifayen da bai kamata a haɗa ba, ka ba ta haƙuri, ka yi mata alkawarin cewa wannan tankin nata ne, ba abin da zai sake shiga cikinsa sai da saninta. Idan ta tambaye ka me ya sa tsagen ya yi haka, ka faɗa mata gaskiya: haka aka halicce shi, ba mugunta ba ce, a kogi ma da haka yake rayuwa. Yara suna iya ɗaukar wannan bayanin fiye da yadda muke zato, muddin ba a tilasta musu kallo ba.

Maganar maiɗakinka ta yi maka zafi, na sani. Amma ka duba da kyau, shekara biyu tana zaune da tankin nan ba ta ce uffan ba. Ashe ba kifin take ƙi ba. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne 'yarta ta firgita, kuma an shigo da sabon abu tsakiyar gida ba a yi shawara da ita ba. Idan ta ji labarin minjiryar da ke tafe, ranta zai ƙara ɓaci, kuma tana da gaskiya. Ka je mata da tsari a hannu: ga kifin da zai fita, ga ranar da zai fita, ga wanda kake so ka kawo, ga girman da zai kai, ga inda za a ajiye tankinsa, ga abin da zai ci na kuɗi da wuta da lokaci. Ka bar mata damar ta ce ba a wannan ɗakin ba, ko ba a wannan watan ba.

To, me ya sa tsagen ba zai zauna ba ko da ka sayi tanki na biyu? Nau'o'insa da ke kogunan Afirka ta Yamma suna kai santimita 70 zuwa mita guda. Ɗan'uwansu na kogin Kwango ma yana kai mita ɗaya da rabi. Kifi ne na buɗaɗɗen ruwa, mai gudu, mai buƙatar ruwan da ke cike da iska, kuma ga shi da saurin firgita: a kunna fitila ba zato, sai ya kwasa da gudu ya daki gilashi da baki. A shekarar 2014 masu bincike a Afirka ta Kudu suka wallafa yadda suka ga tsage a madatsar ruwa ta Schroda yana tsalle daga ruwa yana cafke tsattsewa tana cikin tashi. Kifin da ke kamo tsuntsu a sama, santimita 90 ba ta kai masa ko bugun jela biyu ba. Za ka ji ana cewa ai kifi daidai girman tankinsa yake tsayawa. Wannan magana ta kashe kifaye da yawa. Abin da ke faruwa shi ne kifin yana tsumburewa saboda ƙuncin wuri da ƙazantar ruwa, jikinsa ya lalace, ya mutu tun kwanansa bai kai ba.

Giwan ruwa kuwa ba sai mun daɗe a kansa ba: yana kusan mita biyu, nauyinsa yana iya kai kilo 200. Minjirya babba tana wuce mita guda, kuma tana sakin wutar da ke kai kusan bolt 350. Ƙarama ba ta kai haka ba, amma ba za ta dawwama a ƙarama ba, kuma gidan da yara ke tsoma hannu a ruwa ba wurinta ba ne. Tun da abokinka masunci ne, wata rana zai iya zuwa maka da yauni ko gaiwa, don haka ka sani tun yanzu: yauni yana wuce mita ɗaya da rabi kuma ba ya zama da kowa, gaiwa tana kai mita guda, cizonta yana da ƙarfi, kuma tana da tsawon rai ƙwarai. Dukkansu kifaye ne masu ban sha'awa. A kan yauni ne ma masanin nan Hans Lissmann na Jami'ar Cambridge ya gano a 1951 cewa akwai kifayen da ke sakin 'yar ƙaramar wuta a kai a kai, daga baya aka tabbatar da ita suke laluben hanya a cikin duhun ruwa. Amma wurinsu kududdufi ne ko babban gidan nuna kifaye, ba falo ba.

Ina za ka kai tsagen? Abin da zai fara zo maka a rai shi ne ka mayar da shi kogi. Ban ba ka wannan shawarar ba. Ya riga ya zauna ruwa ɗaya da kifayen da aka shigo da su daga wata nahiya, har ya ci wasunsu, kuma ba ka san wace cuta ya ɗauka ba. Sakinsa a wani ruwan da ba nasa ba kuwa ya fi muni. Giwan ruwa ɗan Afirka ne, amma da aka zuba shi a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, inda ba asalinsa ba, zuwa shekarun 1980 nau'o'in ƙananan kifayen tafkin kusan 200 sun ɓace ko sun kusa ƙarewa, kuma shi ne babban sanadi. Ka nemi mai babban kududdufin da ba ya haɗe da rafi, ko sashen nazarin kifaye na wata jami'a, ko ka tambayi jami'an kula da kamun kifi na yankinku. Su ɗin ne kuma za su gaya maka ko akwai doka a kan kama ƙananan kifaye da ajiye su, domin dokar ta bambanta daga wuri zuwa wuri.

Shi kuma amininka, nauyin da kake ji ya fi abin da ke ƙasa. Mutumin da ke cire tsage daga raga kullum ya fi ni da kai sanin girmansa. Kyauta ya yi maka don ya ga kana so. Ka gode masa, ka faɗa masa abin da ya faru da kifayen yarinyar, ka ce giwan ruwa da minjirya sun fi ƙarfin gidanka, sannan ka roƙe shi wani abu daban. Da haka ba ka mayar da hannun kyauta baya ba, kai ma ka samu abin da ya dace.

Abin da za ka roƙe shi shi ne gartsa, ƙaramin nau'in da masana ke kira Polypterus senegalus. In dai kifi mai farauta kake so wanda zai rayu lafiya a gidan mai iyali, ban san wanda ya kai ta ba. Doguwa ce, jikinta lulluɓe da ɓawo mai tauri, a gadon bayanta akwai jerin ƙananan fukafukai da take miƙewa ɗaya bayan ɗaya idan wani abu ya ja hankalinta. A tanki ba ta cika wuce santimita 30 zuwa 35 ba, kuma tana iya wuce shekara goma a raye, don haka ka shiga da shirin zama. Ka kalle ta da magariba, bayan an rage haske. Za ka ga ta kafa fukafukan ƙirjinta biyu a kan yashi ta ɗago kai, 'yan hancinta biyu masu kama da bututu suna motsi. Idonta ba shi da ƙarfi, da sansana take farauta. Idan ka jefa tana, sai ta bi warin a hankali, ta wuce ta, ta dawo, ta tsaya cak da baki a gefenta, sannan ta fizge ta da sauri ɗaya. Can kuma sai ta taso sama ta haɗiyi iska ta koma ƙasa, domin tana da huhu biyu ban da abin numfashin da sauran kifaye ke da shi. A 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka ba da rahoton yadda suka reni irin wannan gartsar kusan wata takwas a kan tudu mai danshi, don su ga yadda tafiyarta da ƙasusuwanta za su canza.

Wannan baiwar tata ita ce kuma abin da ke kashe ta a gidaje. Gartsa gwanar tserewa ce. Duk kafar da kanta zai shiga, jikinta zai bi, da safe a tsince ta a bayan kujera ta bushe. Sai ka yi murfi mai nauyi, ka toshe ramin da wayoyi da bututu ke bi. Kada kuma ka cika ruwa har ya taɓa murfin, ka bar kamar faɗin yatsu uku na iska, domin idan ta rasa inda za ta shaƙa, tana iya nutsewa ta mutu. A ƙasa ka zuba yashi mai laushi; tsakuwa tana iya bin abinci ta shige mata ciki. Ka sa mata ɓangaren bututu ko itacen da ya jiƙu inda za ta ɓuya da rana.

Ka lura da kyau da wadda za a kawo maka, domin gartsa iri-iri ce kuma suna kama da juna a ƙuruciya. Wadda kake nema launinta ɗaya ne, toka-toka ko ruwan ƙasa, ba zane, kuma leɓen sama da na ƙasa kusan daidai suke. Idan ka ga mai faffaɗan kai, da baƙaƙen zane a gicciye, da haɓar ƙasa da ta zarce ta sama, to babban nau'i ne mai wuce santimita 60. Ka gode, ka mayar.

Gartsa ma sai da tanki na biyu, kada ka ruɗi kanka da cewa tana da sanyin hali. Da dare za ta bi kifayen yarinyar ɗaya bayan ɗaya. Tana buƙatar tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 45. Faɗin ƙasa ya fi mata zurfi amfani. Irin wannan yana ɗaukar lita 240 ko kusa da haka, kuma tun da kowace lita kilo guda ce, idan ka haɗa da gilashi da yashi kana maganar kusan kilo 300. Teburin falo ba zai ɗauka ba, sai an ƙera masa mazauni mai ƙarfi a kan daɓe mai daidai. Idan kana son abokan zama, kurungu mai matsakaicin girma yana zama da ita, da sharaɗin ya fi ƙarfin bakinta sosai. Ƙaramin kurungu haɗari ne ga su biyun, domin idan ta haɗiye shi yakan miƙe ƙayoyinsa ya maƙale mata a maƙogwaro.

Idan kuwa wuri ko aljihu ba su ba da damar babban tanki ba, akwai ɗan ƙaramin mafarauci da masana ke kira Pantodon buchholzi, wanda ake samu a ƙasan kogin Neja da yankin Chadi da Kwango. Bai wuce santimita 12 ba, yana shawagi a saman ruwa da fukafukai a baje kamar malam-buɗe-littafi, yana jiran ƙwaro ya faɗo ya sure shi. Tanki irin naka na yanzu ya ishe shi, amma nasa daban, da murfi, domin shi ma ɗan tsalle ne. Tufi da talibombon kuwa ka ajiye su sai ka ƙware. Tufi yana kai rabin mita. Talibombon yana wuce santimita 40, ba ya yarda da maƙwabci ko ɗaya, kuma sai ana ba shi dodon koɗi da makamantansa masu ɓawo don haƙoransa su riƙa goguwa.

Kada ka kawo kifi ranar da ka kawo tanki. Kifi mai cin nama yana fitar da ƙazanta mai yawa, wadda ke zama amoniya, ita kuma guba ce. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ke zama a cikin soson matatar ruwa suke mayar da ita nitirait, sannan nitiret mai sauƙin illa, kuma kafin su yi yawan da za su iya aikin ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. A nan kana da sa'a: ka yanki wani ɓangare na soson matatar tsohon tankinka ka sa a sabuwar, zai rage maka jira. Ka sayi kayan gwajin ruwa, kada ka saka kifi sai amoniya da nitirait sun nuna sifili. Bayan nan ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, da ruwan da aka cire wa sinadarin kilorin, kuma zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28. Idan wuta ta ɗauke gartsa za ta jure saboda huhunta, amma ƙwayoyin da ke cikin matatar sukan fara mutuwa idan ruwa ya daina bi ta kansu na sa'o'i, don haka ƙaramin famfon iska mai batir yana da rana.

Kifin da aka kamo daga kogi yakan zo da baƙi a jikinsa. Gartsar daji musamman an san ta da wasu 'yan tsutsotsi kamar zare da ke manne mata a fata. Ka ajiye ta ita kaɗai na mako huɗu kana dubawa, kada raga ko bokiti ɗaya ya riƙa yawo tsakanin tankinta da na yarinyar, kuma idan ka ga wani abu, ka nemi likitan dabbobi ko ƙwararren mai kiwo kafin ka zuba magani. Kai ma kada ka tsoma hannu mai rauni a ruwan, kuma ka wanke hannu bayan ka gama.

Saura batun abinci, wanda nake ganin shi zai fi kwantar wa maiɗakinka hankali. Kifi mai farauta ba dole sai an jefa masa kifi mai rai ba. Gartsa tana cin tana, da jatan lande, da yankakken kifi, kuma tana sabawa da ƙwayoyin abincin kifi masu nutsewa. Kifin da ake sayowa don a ciyar da wani kifin shi ne babbar hanyar shigo da cuta, wasunsu kuma, kamar jan kifin adon nan da ake kira goldfish da Turanci, suna ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1 a jikin wanda ya ci su. Naman shanu mai kitse ma bai dace da cikinta ba. Tanar da za ka haƙa ta kasance daga ƙasar da ba a fesa wa maganin ƙwari ba. Ƙarama a ba ta kullum, babba sau biyu ko uku a mako, kuma abin da ta bari a kwashe kafin ya ruɓe. Ka faɗa wa maiɗakinka a fili cewa ba za a sake ganin kifi yana cin kifi a gidan ba, kuma ka cika.

Idan bayan duk wannan ta ce ba ta yarda da tanki na biyu yanzu ba, ka ɗaga mata ƙafa. Ka fitar da tsagen, ka bar tankin yarinyar ya koma yadda yake, ka sake tayar da maganar bayan wata biyu ko uku, lokacin da hankali ya kwanta. Idan kuma ta amince, ka kafa tankin, ka bar shi yana aiki babu kifi, sannan ka rubuto mini abin da gwajin ruwan ya nuna a mako na huɗu kafin ka aika wa abokinka ya kawo gartsar.